Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, Kan Turancin Faɗin Suna Da Muƙami

Mai girma Minista, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A watan Nuwamban 2025 ka tsaya a Abuja ka sanar da soke manufar nan ta 2022 wadda ta tanadi a koyar da yaran firamare da harshen uwa, ka ce daga yanzu da Turanci za a riƙa karantarwa tun daga ajin farko har jami'a. Ba gardamar wannan hukunci ce ta kawo ni ba, ko da yake ina da abin cewa a kansa. Abin da nake tambaya shi ne, wane Turancin ne za a ɗora wa yaran, alhali jami'an gwamnatin da ta zaɓar musu shi ba su iya faɗin sunayensu da shi daidai ba?

Duk wanda ke kallon zaman tantance masu neman muƙami ko taron rantsarwa a talabijin ya sha jin babban mutum, mai tarin takardun shaida, ya gyara zaman lasifika ya ce "My names are", sannan ya jero sunansa da na mahaifinsa da na garinsu. A nahawun Turanci sunan mutum abu guda ne komai yawan gaɓoɓinsa, saboda haka "My name is" ake cewa, kuma babu wata ƙa'ida da ta halatta jam'i a wannan wuri. Bahaushe ma "sunana Musa Ibrahim Gaya" yake cewa, ba a taɓa jin ya ce "sunayena" ba. Abin takaicin shi ne kuskuren ya riga ya samu gindin zama a ajujuwa, domin malamin da aka koya wa shi a kwalejin ilimi shi yake sa yara su maimaita shi da ƙarfi a sahun safe, har yaron da ya faɗi daidai ya zama shi ne ake yi wa gyara. Wannan yaro zai girma ya je ganawar neman aiki ko ofishin jakadanci, ya buɗe bakinsa da kuskure a jimlarsa ta farko, kuma babu wanda zai tambaye shi wa ya koya masa.

Takardun gwamnati ma ba su tsira ba. Sashe na 176 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 "Governor" kawai ya ambata, amma allunan ayyuka da katunan gayyata sun cika da "Executive Governor", kamar akwai wani gwamnan na daban da ba ya zartar da komai. Ana rubuta "Dr." a gaban suna kuma a liƙa "PhD" a bayansa, alhali ɗaya ya wadatar. Ana haɗa "Sir" da sunan mahaifi shi kaɗai, bayan ƙa'idarsa ita ce ya zo da sunan yanka, ana kuma haɗa "Mr." da sunan yanka inda ya kamata ya bi sunan iyali. Batun masu digirin girmamawa da ke kiran kansu dakta kuwa, kai da ka yi karatun likitanci ka fi ni sanin zafinsa.

Ranka ya daɗe, gyaran nan ba ya buƙatar kwangila ko kwamitin da zai tafi ƙasar waje ƙaro ilimi. Ma'aikatarka ta fitar da takardar umarni mai shafi ɗaya ko biyu da ke bayyana yadda ake faɗin suna da rubuta muƙami a Turanci, a aika wa hukumomin da ke ƙarƙashinta da kwalejojin horar da malamai, a kuma umarci hukumar tsara manhaja ta NERDC ta sa shi a darasin gabatar da kai na firamare. Kafin nan, ina roƙon a fara da masu rubuta sanarwar ma'aikatar da masu gabatar da baƙi a tarukanta.

Naka,
Wani malamin Turanci a makarantar sakandare, Kano.