A riƙa yi wa bakin matakala alama saboda tsofaffinmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin magina da masu gine-gine a kan wani abu da ake ɗauka ƙarami. A watan jiya mahaifiyata ta faɗi a ƙofar wani ofishi a nan Jos, ta yi targaɗe a ƙafa. Matakala uku ce kacal, amma an lulluɓe su da tayil iri ɗaya, ruwan toka mai sheƙi, tun daga sama har ƙasa. Da na tambaye ta yadda aka yi, sai ta ce, "Ɗana, ni fa shimfiɗa ɗaya na gani." A matsayina na malamin kimiyyar halittu, na san gaskiya ta faɗa.

Ido shi ne yake karɓar haske. Mafi yawan aikin tantance inda wani abu ya ƙare da inda wani ya fara yana gudana a sashen gani na ƙwaƙwalwa, wanda yake can ta wajen ƙeya. A shekarar 1959 David Hubel da Torsten Wiesel, masu bincike a Amurka, suka nuna cewa a ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin jijiya waɗanda ba sa amsawa sosai sai sun ci karo da layin da ya raba haske da duhu, kuma kowace ƙwaya tana da karkatar da ta fi so: wata layin tsaye, wata na kwance, wata na gicciye. Wannan aiki ne ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1981.

Sai dai ba kowace iyaka ce take zuwa da bambancin haske ba. Duk wanda ya bi hanyar Bokkos da damina ya ga gonar dankali a gefen ciyawa, dukkansu kore shar, amma ko daga nesa yana gane inda gonar ta tsaya, domin tsarin ganyen dankali da kunyoyinsa daban yake da na ciyawa. Binciken da ya biyo baya a kan kyanwa da biri ya nuna cewa wasu ƙwayoyin suna amsa irin wannan iyaka ta kaushi da zane, a karkata guda da suke amsa ta haske, ko da yake amsar takan fi rauni. Wato ƙwaƙwalwa tana da shaidu biyu, kuma idan ɗaya ya yi shiru sai ta dogara da ɗayan. Matakalar da ta kayar da mahaifiyata ta rufe bakin shaidun biyu a lokaci guda, ga launi ɗaya, ga sulɓi ɗaya.

Matashi yakan tsira saboda idonsa yana kama ɗan siririn inuwar da ke ƙarƙashin bakin matakala. Tsoho kuwa, musamman mai yanar ido, ƙarfinsa na rarrabe haske da ɗan duhu ya ragu, sai inuwar ta ɓace masa, balle a ce da almuru ne, ko lokacin hunturu da hazo ya rufe gari.

Saboda haka nake kira ga masu kula da masallatai, coci-coci, asibitoci, bankuna da makarantu da su sa a ja layin fenti mai haske a bakin kowace matakala mai duhu, ko baƙin layi a bakin fara, sannan a manna wani abu mai kaushi a wurin domin ido ya gani, ƙafa ma ta ji. Haka nan bakin lambatu da kwalbati a unguwanninmu, inda siminti da hanya sukan zama kala ɗaya idan ƙura ta hau su. Ya kamata hukumomin da ke amincewa da zanen gini su sa wannan cikin sharuɗɗansu, tun da kuɗin gwangwanin fenti bai kai na ɗori ba. Mahaifiyata ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma yanzu ba ta taka ƙofar wani gini sai ta laluba da sanda.

Naka mai karatu,
Daga Jos, Jihar Filato.