Yawon tarihi a tsohon Garwa: yara kun yi ƙoƙari, amma ina Hausare?

Malam Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, don Allah ka ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da yake cina tun Asabar ɗin da ta wuce.

Wasu samari da 'yan mata ne 'yan lise, wato sakandare, da 'yan jami'a a nan Garwa ta Kamaru suka haɗa wani abu, wai yawon tarihi da wasan kwaikwayo. Ba zama ake a ɗaki ana kallo ba, ƙafa za ka sa ka bi su lungu lungu cikin tsohon gari, duk inda aka tsaya sai wasu su fito da shigar mutanen da su gwada maka abin da ya faru. 'Yar ƙanwata na ciki, ita ta dame ni da Kawu sai ka zo, Kawu sai ka zo, har na biya jaka ɗaya na bi su bayan la'asar. Da ta fara min bayani ma dariya na yi, na ce mata ai wannan tashe ne ya shiga lekol ya fito da takarda, mu ma da azumi haka muke bi gida gida da gemun auduga da sandar tsoho, bambancin kawai mu hatsi ake zuba mana a ƙwarya. To masu cewa wai al'adar nasara aka kwaso mana, ku yi haƙuri, namu ne.

Daga wajen fadar Lamiɗo aka tashi. Abin da ya fara burge ni, ba su fara da Fulani ba, sun fara da Fali da Bata waɗanda aka tarar a ƙasar, wannan kuwa ba kowa ke son faɗinsa ba. Sannan aka zo kan Modibbo Adama da tutar da ya karɓo daga wurin Shehu Usmanu, ga mai algaita ga dogarai da ja da kore, wani yaro siriri da aka naɗa wa rawanin da ya fi shi nauyi yana ta dafe shi kar ya faɗi.

Inda suka kashe ni shi ne wajen zuwan Jamus. Sun nuna yadda Turawan Ingila suka ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu na Yola ya fito ya tara jama'a, ya zo ya yi karo da sojojin Jamus a nan Garwa, mahaya dawaki da masu a gefe ɗaya, bindiga mai jigida a ɗaya gefen, daga nan ya nufi Marwa aka sake gwabzawa da hafsan Jamus Dominik a farkon 1902. Yaron da ya fito a Dominik alli aka shafa masa a fuska, zafin Garwa kuma ka san ba ya raga wa kowa, kafin ya gama ihunsa gumi ya yi masa zane zane, yara suna ta sheƙa dariya. Amma da mai yin Zubairu ya juya ya kalli gawarwakin mutanensa bai ce komai ba, wallahi wurin ya yi tsit, har wani ɗan moto ya kashe inji ya tsaya kallo, fasinjarsa na ta masifa a baya yana mata alamar ta yi shiru.

Yanzu ga ƙorafina, kuma ba da ƙeta nake yi ba.

Mun shiga Hausare, unguwar da aka binne cibiyata, na gyara tsayuwa ina jiran in ga me za a yi. Mai jagora ya ɗaga hannu ya ce da Faransanci nan unguwar 'yan kasuwa ce, shi ke nan, muka wuce. Jimla ɗaya! Kollere ta Barebari ma haka aka yi mata. Haba yarana. Wa ya kawo kanwa da goro da baƙin turkuɗi na Kano garin nan? Wa ya yi dukanci da rini da fawa da wanzanci? Ayarin fatake da jakuna da madugu a gaba, zango, mai masauki da dillalinsa suna ciniki hannu cikin hannun riga, duk wannan ba abin wasa ba ne? Ko a yaƙin da suka nuna na Turawa, wanda Ingila ta kawo hari daga Yola a watan Agusta na 1914 aka fatattake ta har aka kashe kwamandanta, ta dawo da Faransa da igwa sai Jamus suka miƙa wuya ranar 10 ga Yuni 1915, yaran sun sa fararen fata uku suna ta muhawara kamar su kaɗai ne a filin. Alhali waɗanda ke kwance cikin ramukan baƙaƙe ne, sojojin da suka zo daga Najeriya da Hausa ake ba su umarni, su ma Jamus suna da Hausawa a cikin nasu. Ka duba fa, mutum biyu masu harshe ɗaya suna harbin juna saboda rigimar da aka ƙulla a Turai. In ni ne mai tsara wasan, nan zan tsaya in sa su yi wa juna magana daga rami zuwa rami.

Sai batun harshe. Kusan duka da Faransanci aka yi, ɗan Fillanci kaɗan kamar gishiri. Tsofaffin da ke zaune a ƙofar gida, waɗanda labarin kakanninsu ake bayarwa, sai kallo suke da ido suna tambayar jikoki me ya ce, me ya ce.

Bakin kogi kuwa ko isa ba mu yi ba, magariba ta kama mu. Wannan ya fi min ciwo, don kakana ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa. Yana ba mu labarin yadda in Binuwai ta cika da damina jirage ke hawowa ta Lokoja da Makurɗi da Yola ɗauke da gishiri da siminti da kananzir, su koma da gyaɗa da auduga, kuma 'yan watannin nan kaɗai ake da su kafin ruwa ya ja, don haka ba dare ba rana ake lodi. Ya ce ranar da jirgin farko ya yi kuka, ko mai sallar walha sai ya gajarta. Yaron yau da ya tashi ya ga tashar shiru, ya san madatsar ruwan Lagdo kawai da kifinta da wutarta, ina zai san wannan?

Na faɗa wa 'yar tawa duk wannan a gida, ta ce Kawu ai abin da muka samu a littattafan Faransanci da intanet muka yi, ku ba ku rubuta naku ba. Na buɗe baki na rufe. Don haka mun yi da ita ran Juma'a bayan an sauko za ta zo da abokan wasanta da wayoyinsu, in kai su wurin gwaggona da wani tsoho maƙwabcinmu da ya yi dako tare da kakana yana yaro, su ɗauki muryarsu. Shayi da makala a kaina. Duk ɗan Hausare ko Kollere da ke karanta jaridar nan, in akwai tsohuwar taskira ko mudu ko sirdin jaki a ɗakin kakarsa, ya aro mana, za mu mayar.

Naka,
wani mai karatunku daga Hausare, Garwa