Wasiƙa daga Norwich: shingen Robert Kett

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da iyali baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara sallama. Da fatan kuɗin makarantar yara sun iso.

Ka san ni da jin nauyin taro, to ƙanen naka ya zama ɗan wasan kwaikwayo. Wata dattijuwa da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi ce ta matsa min, wai ƙungiyar unguwarsu na neman masu cika fage. Ba ƙwararru ba ne, akwai direban bas, akwai malamar firamare, kuma ko sisi ba a biyan kowa. An sa min rigar buhu, an miƙo min laujen katako, aikina ihu kawai.

Abin da muka kwaikwaya a nan yankin Norwich na Ingila ya faru, a 1549. Lokacin gashin tumaki na kuɗi, sai masu hali suka dinga kewaye makiyayar gari da shinge, inda talaka ke sakin saniyarsa ya kuma samo itace. A kusa da garin Wymondham talakawa suka je ɓalle shingen wani mai suna Flowerdew, shi kuwa ya ba su kuɗi ya ce su je su ɓalle na abokin gabarsa, Robert Kett, wani majemi mai gonaki. Kett ya saurare su, ya yarda gaskiyarsu ce, ya sa hannu aka tuge nasa shingen, sannan ya shige musu gaba har Norwich.

Mutum wajen 16,000 suka yi sansani a tudun Mousehold sama da mako shida. Kett na zaman shari'a a gindin bishiya kamar ƙofar dagaci, suka rubuta wa Sarki Edward na shida, yaro ɗan shekara 11, buƙatu 29. Ƙarshen bai yi daɗi ba. Ranar 27 ga Agusta dakarun sarki da sojojin haya na Jamus suka karkashe kusan 3,000 a Dussindale, a Disamba kuma aka rataye Kett a bangon fadar Norwich. Sai 1949 aka kafa allon girmama shi a wurin. Ina wuce shi a hanyar kasuwa.

Shingenmu na fage da kwali aka yi shi. Amma da direban nan da ya fito a Kett ya durƙusa ya fara tuge nasa, zauren ya yi tsit, ni kuma na manta da ihuna, sai da dattijuwar ta zungure ni. Gonarmu ta gabas ce ta faɗo min a rai, Yaya. Ni da kai mun san bini-da-zugun nan ba a inda Baba, Allah ya jiƙansa, ya dasa shi yake ba yanzu. Kowace damina muna cin kunya biyu, uku a cikin burtali. Bara da shanu suka shiga gero har aka kai magana gaban dagaci, na yi shiru, alhali hanyar ta tsuke har saniya biyu ba sa jerawa.

Kai ne babba, ba umarni nake ba ka ba. Idan an gama girbi ka je ka duba da idonka. Duk damin da za mu rasa in aka mayar da shingen, ni zan cike. Kada dai Kawu ya ji daga bakina ya fito.

A gaida Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.

Ƙanenka.