Wasiƙa daga Donegal

Assalamu alaikum Malam Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka ce na ishe ka da zancen ruwan sama, in ba ka labarin mutane. To ga na ƙauyen Glencolmcille, a gundumar Donegal, a bakin teku, arewa maso yammacin Ayalan.

Ƙasa ce ta duwatsu da tumaki, noma ba ya riƙe gida. Tun yunwar da ta fara a 1845, wadda ta ci kusan mutum miliyan ɗaya, yankin nan yake asarar matasa. Mai tafiya Amurka a da, zaman makoki ake yi masa da ransa, a kwana ana kiɗa ana kuka, don an san da wuya ya dawo. Wasu kuwa 'yan ci-rani ne irin namu: su tsallaka Sikotland tonon dankali, su dawo da 'yan kuɗi da sabon salon kiɗa a kunne. Shi ya sa gogen Donegal yake da ɗanɗanon Sikotland har yau.

Wanda ya fi burge ni shi ne John Doherty, wanda ya rasu a 1980. Maƙerin gwangwani ne, gadon gidansu, yana yawo ƙauye-ƙauye a ƙasa, da rana ya ƙera kofi da bokiti, da dare ya yi goge. An ce sau da yawa ko goge ba ya ɗauka, don duk inda ya sauka zai samu na aro. Danginsa har gogen gwangwani suke ƙerawa! Roba ta zo ta kashe sana'ar, amma yara suna koyon kiɗansa.

A 1951 aka turo wani limamin coci, James McDyer. Ya ga gari zai watse, ya dage sai da lantarki ya shigo, ya kafa ƙungiyoyin gama-kai na saƙa da sarrafa kayan lambu. Wasu sun durƙushe. Gidajen gargajiyan da ya buɗe a 1967 suna nan, masu yawon buɗe ido na zuwa kallo. Ni dai ganin masaƙa a gidan kallo bai yi mini daɗi ba; gara na garin Ardara, inda har yanzu ake saƙa ulu a sayar.

Na sayo maka hular ulu a can, sai mai zuwa ya samu. Ka gaida Malam Babba, ka ce ya sa mu a addu'a.

Naka,
Sani