Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Littafin Haɗa Sola

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, sai da na yi dariya, don ramin da kake leƙawa ni na riga na faɗa cikinsa. Ka ce ka ga ana tallar wani littafi mai zane-zane da bidiyo, wai in ka saya za ka haɗa sola da hannunka ka huta da kuɗin wuta.

Riƙe kuɗinka tukuna.

Yawancin irin waɗannan littattafai abin da suke koyarwa shi ne ka sayo ƙwayoyin sola ɗai-ɗai, wato 'yan ƙananan falle-fallen da ke mayar da hasken rana wuta, ka jera, ka liƙa da dalma, ka rufe da gilashi, ya zama faranti. Lissafinsu ba ƙarya ba ne: kowace ƙwaya tana ba da kusan rabin bolt, in ka jera 36 ka sami wajen bolt 18, wanda zai caja batir mai bolt 12. Abin da ba su faɗa shi ne ƙwayar nan kaurinta bai kai na farce ba. Ranar da na fara, ina ɗora bakin ƙarfen dalma sai na ji ƙas, ta rabe gida biyu. Kafin yamma na fasa bakwai. Na dai daure na kammala, farantin ya kawo wuta, na yi ta kuri a gida. Da aka sha ruwan sama na 'yan watanni, sai ga raɓa ta taru a cikin gilashin kamar murfin tukunya, layukan dalma suka dusashe, wutar ta yi ta ja da baya.

A masana'anta, da zafi ake manne ƙwayoyin tsakanin gilashi mai tauri da wata roba da ake kira EVA, bayan an zuƙe iskar ciki kaf. Shi ya sa suke iya ba da garantin shekara 25. Wannan ba aikin da za a yi a kan tebur ba ne.

Ga kuma abin da ya fi ba ni haushi. Dabarar ta samo asali ne tun lokacin da faranti ke da ɗan karen tsada. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, kuma yanzu fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya a Sin ake ƙera su. In ka haɗa kuɗin ƙwayoyi da gilashi da firam da waɗanda za ka fasa, da wuya na hannu ya fi na kamfani araha.

Kuma ai ba faranti ne ke cin kuɗi ba, batir ne. Batir na dalma, wato mai asid, in kana zuƙe fiye da rabin cajinsa kullum, ba zai yi ƙarko ba. Na litiyam ya fi juriya nesa ba kusa ba, sai dai tsada. Saboda haka aikin farko lissafin wutar da kake sha ne, don ka san girman batirin da za ka saya: fanka mai wat 60 in ta yi awa 8, ta sha wat-awa 480 ke nan, wato 60 sau 8. Firij kuwa lokacin tashi yakan ja ninkin wutarsa sau da dama, inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) in ƙarama ce sai ta yi ƙara ta ɗauke. Sanin ƙarfin ranar wurinku ma kyauta ne, akwai Global Solar Atlas na Bankin Duniya a intanet. Takardar da ke zuwa da kwantirolar caji (na'urar da ke daidaita cajin batir) da inbata ita ma tana ɗauke da zanen haɗin waya, ya fi na littafin dacewa da kayanka.

In hannunka na ƙaiƙayi, sayi faranti na kamfani ka haɗa ƙaramin tsari na fitila da cajin waya, ka sa fiyus kusa da batir, ka yi amfani da waya mai kauri, don siririya zafi take yi har ta kama da wuta. Haɗi da layin wutar gida kuwa, kira ƙwararre, kar ka taɓa.

Duba bayan kowace na'ura a gidanka, ka rubuto min wat ɗinta da awa nawa take aiki a rana, mu yi lissafin tare. A gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Amininka