Ɗalibanmu na Birtaniya da duhun hunturu

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a Birtaniya. A Aberdeen, wani birni a arewacin Birtaniya, na yi karatu, a nan kuma nake zaune da maigidana, kuma kowace shekara da zarar Nuwamba ta kama sai hankalina ya koma kan sababbin ɗalibai.

Hunturunmu na gida ƙura ce da kaushi da fashewar leɓe, amma rana tana nan. Ko a Disamba, Kano na samun hasken rana fiye da awa 11. A Aberdeen bai kai awa 7 ba. Sai wajen tara saura kwata rana ke fitowa, uku da rabi kuwa Magariba ta yi. Azahar, La'asar da Magariba duk a kan yi su cikin awa uku da rabi. Yaro ya tafi aji da duhu, ya dawo da duhu, ga jarrabawa a gabansa.

A shekarata ta farko na zama mai barci ba ƙima, ina tashi jiki a mace. Burodi da shayi mai sukari kawai nake so. Littafin da na baro gida dominsa sai in zuba masa ido ba abin da ke shiga, ga kuka ba dalili. Da na faɗa wa wata 'yar'uwata a waya, cewa ta yi: "Ki gode wa Allah, wasu na neman damar da kika samu." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma daga ranar na ja bakina na yi shiru wata biyu.

Likitocin nan sun san abin, suna kiransa SAD, wato ciwon damuwa mai zuwa da sauyin yanayi. Tun 1984 Dakta Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana shi. Ƙarancin haske kan dagula agogon jiki da sinadaran da ke daidaita barci da walwala. Ana sauƙaƙa shi da fita waje da hantsi ko da akwai gajimare, da motsa jiki, wasu kuma da fitila ta musamman da ake zama kusa da ita kamar minti 30 da safe. Idan ya yi tsanani, akwai ganin mai ba da shawara, akwai magani. Hukumar lafiya ta NHS kuma tana shawartar mutane su sha bitamin D a watannin sanyi, mu masu baƙar fata ma duk shekara, domin lafiyar ƙashi da tsoka.

Abin da ya ƙara tayar min da hankali shi ne, daga Janairun 2024 an hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyalansu. Magidancin da a da zai dawo ya tarar da matarsa da yara, yanzu ɗaki ɗaya yake komawa shi kaɗai. Ga faɗuwar naira, ga aikin awa 20 a mako da da yawa ke yi da dare, su kwashe ɗan hasken da ake samu suna barci.

Iyaye, don Allah idan ɗanku ya ce ba ya jin daɗi, kada amsar farko ta zama lalaci ko raunin imani. Ku yi masa addu'a, ku kuma tambaye shi: yau ka fita? Me ka ci? Ka yi rajista da likita? Ya riga ya biya kuɗin lafiya tare da bizarsa, ganin likita ba zai ci masa komai ba, kuma jami'o'i na da ofishin kula da walwalar ɗalibai. Ku kira ta bidiyo, fuska kan faɗi abin da baki ya ɓoye. Idan ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kada a jira gobe. A nan Birtaniya, lambar Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu cikin damuwa, 116 123 ce, kyauta dare da rana, ta gaggawa kuma 999.

Mu da muka daɗe a nan ma muna da laifi. Wanda ke cikin wannan hali ba ya amsa gayyatar da aka jefa a zauren WhatsApp, sai an je an ƙwanƙwasa masa ƙofa. A gidanmu duk Asabar muna tuƙa tuwo da miyar kuka, maigidana ya bi ɗakunan ɗalibai ya ɗauko su. Na ga saurayin da ya zo ba ya iya haɗa ido da kowa, bayan 'yan makonni shi ke jan mu sallah.

Ina fata, Edita, za ku nemi likitan ƙwaƙwalwa mai jin Hausa ya yi wa iyaye bayani kafin Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ranar da ake mayar da agogon nan baya da awa ɗaya.

Taku,
Wata mai karatu daga Aberdeen