Wasiƙa zuwa ga aminina: labarin limamin da ya riƙe taron Kwatano

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Mu ma nan sai godiya.

Wasiƙarka ta iso, na kuwa karanta ta har sau biyu. Inda ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce limamin coci ba shi da hurumi a zauren da ake rubuta kundin tsarin mulki, ya tsaya kan wa'azinsa kawai. Na san abin da kake tsoro, ni ma ina tsoronsa. Sai dai kafin ka yanke hukunci, bari in tuna maka da Isidore de Souza na Jamhuriyar Benin, don tun da na karanta tarihinsa ra'ayina bai koma yadda yake da ba.

A shekarar 1989 tura ta kai bango a Benin. Mathieu Kerekou yana kan mulki tun juyin mulkin 1972, bankunan gwamnati sun durƙushe, ma'aikata sun yi watanni ba albashi, malaman makaranta da ɗalibai suna yajin aiki. A watan Disamba gwamnati ta jingine aƙidar gurguzu ta Markisanci, ta kuma yarda a kira taron ƙasa. Aka buɗe shi a Kwatano ran 19 ga Fabrairun 1990, da wakilai kusan 500. To ga tambayar da nake so ka yi wa kanka, malam: wa za a ɗora a kujerar shugaban irin wannan taro? Soja ba ya yarda da ɗan adawa, ɗan adawa ba ya yarda da soja, waɗanda suka dawo daga gudun hijira kuma kowa da nasa buri. Aka rasa wanda kowa zai saurara sai wannan bishop na Katolika, saboda abu ɗaya tak: an san ba ya neman kujerar shugaban ƙasa. Dokar cocinsu ma ta hana limamansu riƙe muƙamin mulki.

Ana cikin taron wakilai suka ce daga yau hukuncinsu ya fi na gwamnati ƙarfi. Ka san abin da hakan ke nufi a gaban mai riƙe da bindiga. Da Kerekou ya ga dama, umarni ɗaya ya isa a watsa zauren. De Souza ne ya yi ta kai da komo, yana sanyaya masu zafin kai a cikin zaure, yana kuma lallashin shugaban ƙasa ba tare da ya ci masa fuska ba. Ran 28 ga wata Kerekou ya tsaya gaban taro ya amince da abin da aka zartar. Ba a zubar da jini ba.

Ga kuma abin da ya fi burge ni. Bishop ɗin bai ɗauki alƙalami ya rubuta kundin da kansa ba. An bar wa masana shari'a aikinsu, ƙarƙashin Farfesa Maurice Ahanhanzo-Glele, shi kuma ya shugabanci majalisar riƙon ƙwarya mai sa ido. Jama'a suka amince da kundin a ƙuri'ar raba gardama ran 2 ga Disamban 1990. Kundin ya ce ƙasa ba ta bin addinin kowa, alhali limamin coci ne ke zaune a saman majalisar, a ƙasar da Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya ke zaune tare. Ya ƙayyade wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya ce ɗan takara kada ya wuce shekara 70. A Maris ɗin 1991 Nicephore Soglo ya kayar da Kerekou, Kerekou ya sauka. Ya dawo ta akwatin zaɓe a 1996, amma da 2006 ta zo, wannan ƙa'ida ta hana su duka biyun tsayawa, suka kuwa haƙura. De Souza bai ga wannan ranar ba, ya rasu a 1999.

Akwai inda zuciyata ba ta kwanta ba, ba zan ɓoye maka ba. An ba Kerekou kariya daga tuhuma kan abin da ya faru a mulkinsa, alhali akwai waɗanda aka tsare aka azabtar. Na daɗe ina juya maganar. Ina ganin da ba a buɗe masa wannan ƙofar ba da wuya ya fita lami lafiya, amma waɗanda aka zalunta su ne suka biya kuɗin zaman lafiyar, kuma ban ga wanda ya isa ya yafe a madadinsu ba, ko da limami ne.

Kuma kada ka ɗauka rigar limanci ce ta yi aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yanzu, an ɗora Laurent Monsengwo, babban limamin Kisangani, kan irin wannan taro, mutum mai ilimi da haƙuri, amma shugaban ƙasar, Mobutu, bai da niyyar sauka. Aka dakatar da taron, Kiristoci suka fito daga coci ran 16 ga Fabrairun 1992 suna neman a sake buɗe shi, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta. Mobutu bai bar mulki ba sai 1997, shi ma da ƙarfin bindiga. A Togo Bishop Philippe Kpodzro ne ya riƙe taron 1991, amma shugaban ƙasar, Eyadema, ya ci gaba da zama daram har ya mutu a 2005.

Labarin Kpodzro shi ne ya fi kusa da tsoronka. Da tsufansa, a zaɓen 2020, ya fito fili ya mara wa ɗan takarar adawa Agbeyome Kodjo baya. Ban ga laifin takaicinsa ba, mutumin da ya shekara fiye da hamsin yana kallon gida ɗaya, Eyadema sannan ɗansa, na mulki. Amma daga ranar ya tashi daga mai raba faɗa ya koma ɗaya daga cikin masu yin sa, ɓangare guda ya daina jin maganarsa. Ya ƙare rayuwarsa a Suwidin, nesa da ƙasarsa, a farkon 2024. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Don haka inda muka haɗu da kai shi ne: in limami ya shigo zauren da ɗan takara a aljihu, ko da niyyar cusa dokar cocinsa a kan waɗanda ba mabiyansa ba, ni ma ba na tare da shi, kuma haka zan faɗa ko malamin wane addini ne. Inda muka rabu shi ne cewar da ka yi a rufe masa ƙofa gaba ɗaya. Da mutanen Benin sun bi shawararka a 1990, wa kake ganin za su ɗora a kan waccan kujera? Ina jiran amsarka a kan wannan.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, ka ce musu muna kewarsu. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini har kullum.